Tukunyar Tururin Yaya Kalo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labarin. Karatuna bai wuce firamare ba, a can ƙauyenmu da ke yankin Ha'apai cikin tsibiran Tonga, kuma ni ko mutum uku aka tara aka ce in yi magana, sai muryata ta maƙale. Mijina Kelepi ne ya matsa min.

Ya ce, "Suli, tunda bakinki ba ya motsi, bar hannunki ya yi maganar. Wata rana Heilala za ta girma ta tambaya."

Shi ya sa na zauna. In kun ga kuskure ku yafe min.

Ba mu daɗe da dawowa Robinvale daga asibitin Mildura ba, Yaya Kalo ta turo ƙofar kicin ɗinmu da ƙafa, rungume da wani kwali. Ta same ni tsaye kan tukunya tana tafasa, ina ƙoƙarin tsamo fida da cokali.

"Amarya! Miyar roba kike dafa mana yau?"

Na sunkuyar da kai. "A'a Yaya... fidar yarinya ce. Nas ta ce a riƙa tafasawa."

"A tukunyar da kuke dafa rogo?"

"Na wanke ta sosai..."

"Matsa min nan."

Yaya Kalo yayar mijina ce. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kawo shi ƙasar nan, ita ta tsaya har aka kawo ni. A wurinmu yayar miji ba abar wasa ba ce. Ita ke raɗa wa 'ya'yan ƙaninta suna, in ta yi magana kuma ta zauna. Ita ta raɗa wa 'yata Heilala, sunan furen da ake ji da shi a gida. Ta daɗe da aure, amma gidanta babu ɗa.

Heilala kuwa bakwaini ce. Ta yi makonni a kwalba ina kallonta ta gilashi. Da aka sallame mu ma bakinta bai yi ƙarfin kama nono ba, ta tsotsa sau biyu sai ta gaji. Don haka da injin tatsa nake tatsa, in zuba a fida in ba ta. Nas ta ja min kunne sosai: yarinya irin wannan, ƙazanta kaɗan sai ta mayar da ita gadon asibiti.

Yaya ta buɗe kwalin. Na lura gefunansa sun tsufa, launinsa ya koɗe, amma abin da ke ciki fil yake a ledarsa. Farar tukunya ce mai wayar lantarki da murfi mai tsayi.

"Tururi take yi," in ji ta. "Buɗe kunnenki, ba na maimaita magana. Ba wanki take yi ba, kin ji? Ke za ki wanke da sabulu da burushi, har cikin kan fidar, ki ɗauraye. Ita kashe abin da ido ba ya gani ne aikinta."

"To, Yaya."

"Ruwa iya wannan layin. Ki kifa fidar baki ƙasa. Mazurarin tatsa da 'yan robobinsa a sama. Ki rufe, ki danna nan. Kada ki kuskura ki buɗe tana huci, sai ta sale miki fuska. In ta gama, kada in ga kin goge da tsumma. Tsumma shi ke dawo da abin da aka kora."

Ta ɗaga murya. "Kelepi! Ina ka shiga?"

Daga baranda ya amsa, "Ina nan waje, Yaya."

"Tsaya can ɗin!"

Na danne dariya. Ƙato guda, wanda ke ɗaga buhu biyu a kafaɗa, amma ba ya iya tsayawa ɗaki ɗaya da yayarsa in ana maganar nono. Ko kalmar ba ya faɗa a gabanta, sai dai ya ce "abincin yarinya". Haka muka taso, namiji da 'yar'uwarsa akwai kunya mai nauyi tsakaninsu.

Ta danna. Fitila ta kama. Can sai tukunyar ta fara wani ɗan gunaguni, murfin ya yi gumi. Yaya ta tsaya tana kallonta shiru, ta daɗe, har na zaci ta manta ina wurin.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata.

Lokacin sanyi ne, ana datse rassan inabi. Kelepi kan tashi da sassafe, kafin motar gona ta zo ya naɗe hannun riga ya tsaya kan wanke-wanke. Manyan yatsunsa da 'yar farar robar nan ta cikin mazurari, sai kokawa.

"Suli, wannan abin ya sake gudu!"

"Duba ƙarƙashin soso."

"Wanda ya ƙera shi bai taɓa ganin hannun namiji ba."

"Ko kuma bai zaci namiji zai wanke ba."

Sai ya juyo yana murmushi. "Iye! Sarauniyar kunya ta iya baƙar magana. Zo nan, hasken idona, faɗa min wata."

In ya tafi, sai in zauna kusa da tukunyar da Heilala a ƙirjina, ɗumin tururin yana kore sanyin kicin. Allah ya ba ni ruwan nono da yawa, har ya fi ƙarfin cikinta. Ragowar nakan ɗura a 'yan ledoji in daskarar. Firizarmu ƙarama ce, ga rogo ga kifi ga haƙarƙarin rago, sai Yaya ta ce in riƙa ba ta tana ajiye min a tata. Gida uku ne tsakaninmu. Na yi ta godiya.

Wata Lahadi bayan coci muka taru cin abinci a gidanta. Surukina, mahaifinsu Kelepi, yana kan kujera a inuwa, maza sun buɗe gashin rami, ƙamshin lu, ganyen gwaza da nama da madarar kwakwa, ya cika tsakar gida. Heilala ta ɓata jikinta, na shiga ciki neman inda zan canza mata. Na tura ƙofar ɗakin da ban taɓa shiga ba.

Gadon jariri ne sabo, an shimfiɗe shi. 'Yan riguna a jere cikin kwando. Kan tebur ga fidoji sababbi cikin ledarsu.

Na tsaya ina kallo. Zuciyata ta ce, ai don in mun kawo ziyara ne.

Na fito zan wanke hannu a kicin, sai wata tsohuwa 'yar cocinmu ta leƙa fuskar yarinyar ta ce wa Yaya, "Kalo, saura baftisma dai gidanki ya yi albarka! Allah ya saka wa yaron nan, ya san wadda ta raine shi."

Yaya ta kalle ni da sauri, ta kau da kai.

"Ga nono ma an tara miki," in ji tsohuwar, tana dariya. "Zamani mai daɗi! Mu a da sai an jira yaye."

Ban san yadda na gama cin abincin nan ba.

Da muka shiga motar da muka zo da ita daga coci, na ce wa Kelepi ya wuce da mu bakin kogi. Ya tsayar da motar ƙarƙashin itatuwa. Bai tambaye ni dalili ba, a nan na gane ya sani.

"Tun yaushe?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Tun kina da ciki... Baba ne ya yi maganar, a gaban Yaya. Ya ce in mace ce, ta Kalo ce."

"Kai kuma ka ce me?"

"Suli..."

"Ka ce me, Kelepi?"

"Na ce to."

Na kalli ruwan kogin yana tafiya a hankali.

"Masoyiyata, ki fahimce ni. Matar nan ta bar makaranta saboda ni. Ta goye ni, ta yi tsinkar inabi cikin rana don in ci. Ban taɓa ce mata a'a ba, ban san yadda ake faɗa ba. Kuma gida uku ne fa! Kullum za ki gan ta. Za mu sake samun wasu..."

"Wasu?"

Ya kifa kansa a kan sitiyari.

Ni ma na san al'adar nan, ba baƙuwata ba ce. Ƙanwata a hannun goggonmu ta girma, kuma ba ta rasa komai ba. Ba mugunta ba ce, zumunci ne. Amma ƙanwata da ƙafarta ta tafi, tana cin doya da haƙoranta.

"Na yi makonni ina kallon yarinyar nan ta gilashi," na ce. "Yanzu kuma in koma kallonta ta tagar wani gida?"

"Ba wani gida ba ne, gidan Yaya ne."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na ga ta zo da wuri... na ga halin da kike ciki. Kullum sai in ce gobe."

"Kai ka riƙa wanke fidar nan da hannunka. Ashe hanya kake share mata."

"Wallahi ba haka ba ne!"

Ni dama ban iya faɗa ba. Hawaye ne kawai suka yi ta zuba kan bargon Heilala.

Tun daga ranar na tsani farar tukunyar nan. In ta fara gunaguninta sai in ji kamar ƙirga min kwanaki take. Ita da injin tatsa da ledojin nan, su ne suka sa za a iya raba ni da 'yata tun ba ta san fuskata sosai ba.

Ranar Juma'a, da na tabbatar Yaya ta tafi aikinta a gidan kula da tsofaffi, na wanke tukunyar, na shanya ta, na mayar da ita cikin tsohon kwalinta. Na kai na ajiye a barandarta, na dawo gida.

Da Kelepi ya dawo ya ga wurin fayau, sai ya dafe kai.

"Suli! Kin mayar mata da kyauta? Yaya Kalo?"

"Ina da tukunyar rogo."

"Kin san abin da wannan ke nufi? Ko mari kika yi mata ya fi sauƙi!"

"To ka je ka ɗauko, ka faɗa mata dalili."

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya dawo ya zauna. Ranar da washegarinta gidanmu babu wasa babu dariya. Yaya kuwa ba ta zo ba, ba ta kira ba.

Ranar Lahadi na ce ba zan je coci ba. Ba zan iya haɗa ido da kowa ba. Kelepi ya ɗaura 'yar tabarmar da mutanenmu ke ɗaurawa a ƙugu in za su coci, ya sumbaci goshin yarinyar, ya tsaya kamar zai ce min wani abu, sai ya fita.

Na tattara fidojin duka, har da mazurarin tatsa da robobinsa, na zuba a tukunya na ɗora a wuta. Heilala ta fara rigima. Na ɗauke ta na shiga ɗaki ina jijjiga ta, na kishingiɗa da ita a ƙirjina. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Ƙarar na'urar gargaɗin gobara ce ta tashe ni.

Na ruga kicin. Ruwan ya ƙone ƙurmus. Fidojin sun narke sun manne da gindin tukunya, mazurarin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Na kashe wuta, na buɗe tagogi, na fita da yarinyar waje tana tsala kuka.

Lokacin cin abincinta ya yi. Akwai nono a firij, amma babu fida ko ɗaya. Na sa ta a ƙirji, ƙirjin kuwa ya cika ya yi tauri kamar dutse, ta kasa kamawa. Na gwada da ƙaramin cokali, ta ƙware, fuskarta ta yi ja, raina ya tashi. Kantin magani a rufe yake ranar Lahadi. Wayar Kelepi a kashe, yana coci.

Wuri ɗaya na sani a duk garin nan da ke da sababbin fidoji.

Na naɗe ta a bargo na fita. A raina ina cewa ai Yaya tana coci, sai dai in zauna a barandarta in jira. Amma ina isa na ga ƙofa a buɗe. Tana zaune a kicin da kayan gida, kofin shayi ya huce a gabanta. Farar tukunyar na kan tebur, an fito da ita daga kwali.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta shaƙi iska.

"Warin me nake ji?"

"Roba, Yaya..."

"Kin dai dafa miyar taki a ƙarshe."

Sai kuka ya ƙwace min. "Duka sun narke... ba ta ci ba... Yaya, ki taimake ni."

Ta miƙe ta shiga ɗakin nan, ta fito da fidojin, ta yage ledar. Ta wanke su da sabulu ɗaya bayan ɗaya, duk da sababbi ne, ta auna ruwa, ta kifa su, ta danna. Ta ciro leda ɗaya ta nonona daga firiza ta tsoma a kwanon ruwan ɗumi.

"Sai mun jira ta," ta ce. "Ba a yi mata gaggawa. Zauna."

Ta karɓi Heilala ta ɗora a kafaɗa tana bubbuga bayanta, kukan ya ɗan lafa. Sannan ta dubi gaban rigata da ya jiƙe sharkaf.

"Yaushe rabonki da tatsa?"

"Tun asuba."

"Yana zafi?"

Na gyaɗa kai.

Ta kwantar da yarinyar a kan cinyata, ta jiƙa tawul da ruwan zafi ta matse. "Buɗe. Ni mace ce, ba ƙanina ba." Ta ɗora min tawul ɗin, ta kama hannuna ta gyara min yatsu. "Ba ja za ki yi ba. Danna baya, sannan ki matsa a hankali. Haka... yawwa. Sake."

Nono ya fara zuba a kwano. Na ji sauƙi har cikin kaina.

"A wurin aiki kika koya, Yaya?"

Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "A gidan tsofaffi? Wa zan tatsa a can?"

Tukunyar ta fara gunaguninta. Yaya ta zuba mata ido.

"Kin ga kwalin ya tsufa, ko? Ni na saye ta, shekarun baya, ina da ciki wata takwas. Namiji ne. Bai zo da rai ba." Ta gyara tawul ɗin. "Kelepi ya san an yi rashi. Abin da bai sani ba, kuma ba zan taɓa faɗa masa ba, shi ne bayan an binne shi nono ya zo. Shi nono ba a gaya masa an yi mutuwa. Ya cika, ya yi tauri, ba mai sha. Ni kaɗai a banɗakin can nake tatsa ina zubarwa a rariya."

"Yaya..."

"Ban taɓa kunna tukunyar nan ba sai ranar, a kicin ɗinki. Sai kuma na dawo daga aiki na tarar da ita a baranda kamar shara."

Kunya ta rufe ni. Na so ƙasa ta tsage. "Ban sani ba... ki yafe min."

"Ina za ki sani? Ke ba kya tambaya, ni ba na faɗa."

Na kalli kwanon da ke gabana. Na kalli 'yata. Ban san daga ina maganar ta fito ba, amma ta fito.

"Yaya... in kika ɗauke ta, haka zan zama. In zauna ni kaɗai ina tatsa, gida shiru. Na san ke ce babba, na san haƙƙinki ne. Ba zan iya hana ki ba. Roƙo nake. Kada ki mai da ni haka."

Hannunta ya tsaya cak a kan tawul ɗin.

Sai muka ji gudu a waje, da haki. Kelepi ne. Ya koma gida ya tarar da tagogi a buɗe da ƙonanniyar tukunya, babu mu.

"Yaya! Suli tana nan? Yarinyar fa?"

"Tsaya nan inda kake!" Yaya ta daka masa tsawa. "Matarka ba ta rufe ba. Lafiyarsu ƙalau."

Ta ragar ƙofa na hango shi. Ya sauke numfashi, ya juya mana gefe. Sannan ya gyara tabarmar ƙugunsa, ya zauna a ƙasan baranda ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai, irin zaman da ake yi gaban manya.

"Yaya, ina da magana."

"Da izinin wa kake ɗaga murya a ƙofata?"

"Ban ɗaga ba, Yaya."

"To faɗi."

"Tun da nake ban taɓa ce miki a'a ba. Duk abin da na zama, ke ce. In raina kike so, ga shi." Ya dafa ƙirjinsa. "Amma na yi kyauta da abin da ba nawa ni kaɗai ba. Na ce to, ban tambayi wadda ta sha wahalar ba. Laifina ne, ba nata ba. Tukunyar da ta dawo da ita ma, ni na jawo. Yaya, ina roƙon ki mayar min da maganata. Ki bar wa Suli 'yarta."

Ban taɓa jin ya yi mata magana mai tsawon haka ba. Na toshe bakina da hannu.

Kicin ɗin ya yi tsit, sai hucin tururi.

Can tukunyar ta yi ƙas, fitilar ta mutu.

Yaya ta bari hucin ya lafa. Ta wanke hannu, ta buɗe murfin ta nesa da fuskarta, ta ɗauko fida da ɗan awartakin roba ba tare da ta taɓa kan ba. Ta zuba nonon, ta ɗaure, ta ɗiga a bayan hannunta. Ta tsaya a kaina tana kallon Heilala, wadda ke ta mamular bargo.

Na ɗago yarinyar zan miƙa mata.

Sai ta sa min fidar a hannu.

"Ba 'yarki abinci, amarya."

Heilala ta cafke tana zuƙa har da lumshe ido. Ni kuwa ban ga komai ba don hawaye.

Yaya ta share fuskarta da gefen zani, ta juya wajen ƙofa. "Kai kuma, mai dogon jawabi! Buɗe kunnenka. Ranar baftisma ni zan riƙe ta."

"To, Yaya."

"Askin fari nawa ne. Gadon can kuma ba mai kwance shi."

"To, Yaya. Amma... Baba fa?"

"Baba ni ya haifa kafin kai. Bar ni da shi." Ta zare wayar tukunyar daga bango. "In ta huce ka ɗauke ta ka mayar, kafin matarka ta ƙone mana gari."

A hanyar komawa yana rungume da tukunyar, ni ina rungume da yarinya. Idonsa ja wur.

"Suli, kin yafe min?"

"Sai ka kankare tukunyar rogon nan tukuna."

Ya tsaya ya dube ni, sai dariya ta kama shi, irin wadda ke haɗe da kuka. "Ko da haƙori ne zan kankare ta, hasken idona."

Washegari da safe, bayan motar gona ta ɗauke shi, na wanke fidojin da sabulu da burushi, na auna ruwa iya layin, na kifa su, na danna. Da suka huce na ware guda biyu, na cika ɗaya da nonon da na tatsa da hannu kamar yadda aka koya min, na sa su a roba mai murfi. Na naɗe Heilala na nufi gida na uku.

Yaya tana shara a baranda, sai da yamma za ta aiki. Ta jingina tsintsiyar.

"Me kuma kika ƙona?"

"Ba komai, Yaya. Kantin magani zan je neman mazurarin tatsa. Na ce... ko za ta gwada gadonta kafin in dawo."

Ta goge hannunta a zani har sau biyu kafin ta karɓe ta.

Wannan ne karo na farko da na bar 'yata a hannun wani tun fitowarmu asibiti. Na kai bakin titi na jiyo muryar Yaya daga ciki, tana yi mata waƙar reno ta gida. Na ɗan tsaya na saurara. Sannan na gyara mayafina, na kama hanyar kanti.